Magaryar dabagi da magaryar fadama: ƙasa ce ke sa bambancin sinadaran kariya?

Ɗiyar Adar, Tawa

Assalamu alaikum jama'a. Ni ce ke riƙe da littafin lissafin wata ƙungiyar mata a nan Tawa, kuma sana'armu ita ce mu sayi magarya a lokacin ɗari, mu shanya, mu daka, mu tankaɗe, sannan mu sayar da garin ko mu yi akuri da shi. Daga wuri biyu take zo mana. Akwai wadda mata ke tsintowa a kan dabagi ta wajen Kaita, inda ƙasa duk tsakuwa ce da jan dutse, akwai kuma wadda ake kawowa daga kwarin Majiya, inda laka take kuma damshi ke daɗewa bayan ɗaukewar ruwa.

Ko makaho ya ɗanɗana zai raba su. Ta dabagi ƙanana ce, ba ta kai ƙwayar gujiya ba, ɓawonta ja ne mai duhu, tana da tsami, kuma tana barin bauri a harshe. Ta fadama ta fi girma da tsoka, launinta ya fi haske, zaƙinta ya fi, kuma tiya ɗaya tata ta fi ba mu gari.

Wani ɗan kasuwa da ke sayen garinmu yana ƙullawa a leda a Yamai ya tambaye ni wacce ta fi abin da ya kira antiyoksidan, domin yana so ya rubuta a takardar da yake mannawa a jikin leda. Ya ce ya ji cewa itacen da ya sha wuya ya fi magani, kuma idan ta dabagi ce ta fi, zai ƙara mana kuɗi a kanta. Matan ƙungiya sun ce in amsa masa da eh kawai, amma ni ba na son a buga abin da ba zan iya kare shi ba idan aka tambaye ni. Shin da gaske ƙasa tana canza waɗannan sinadarai? Idan tana canzawa, mene ne a cikinta ke yin aikin? Kuma idan muka fara zuba taki a gindin magaryun da muka bari a gonakinmu, za mu rage musu amfani ne?

Mai nazarin ƙasa, Yamai

Wa alaikumus salam, Malama. Tambayarki tana da tushe, kuma maganar ɗan kasuwar nan tana da gaskiya a cikinta, sai dai ba ta cika ba.

A fara da abin da kalmar take nufi. Idan aka yanka gauta ko dankali aka bar shi, wurin yankan yana yin duhu, man gyaɗa idan ya daɗe yana canza wari, ƙarfe kuma yana tsatsa. Duk aikin iskar oksijin ne, kuma irinsa yana faruwa a cikin ƙwayoyin halittar tsiro da na mutum. Sinadaran da ke tare wannan lalacewa su ake kira antiyoksidan, ni kuwa zan riƙa ce musu sinadaran kariya. A cikin ƴaƴan itatuwan daji manyansu su ne bitamin C, da dangin fenol, waɗanda tanin mai sa bauri yake cikinsu tare da antosiyanin mai ba da launin ja da shunayya, sai kuma karotin mai launin rawaya. Itace don kansa yake yin su, domin ya kare jikinsa daga zafin rana, da ƙishi, da ƙwari, da dabbar da za ta ci ɗan tun bai nuna ba.

Abu na farko a ƙasa shi ne azot, wato sinadarin da ke cikin takin ure da kashin dabbobi. Tsiro yana da wani tubali guda, fenilalanin, wanda da shi yake gina furotin na girma, da shi kuma yake fara gina fenol. Idan azot ya wadata, tubalin yana tafiya wajen sabon ganye da reshe. Idan ya yi ƙaranci alhali rana tana nan kuma ganye yana ci gaba da yin sukari, girma yana tsayawa, sai rarar ta koma wajen fenol. Tun 1983 masana suka tsara wannan bayani, kuma an gan shi a inabi da tumatir da kayan lambu da dama, inda yawan takin azot yakan rage fenol, sau da yawa har da bitamin C. Akwai kuma hanya ta biyu da azot ke bi: itacen da ya ƙoshi yana cika ganye, ganye yana yi wa ƴaƴa inuwa, ɗan da ke inuwa kuwa ba ya tara bitamin C da launi kamar wanda rana ke duka.

Na biyu shi ne fosfor. Duk manomin jigawa ya taɓa ganin masara ko dawa ƙarama ta yi ganye shunayya a gonar da ta gaji. Wannan launi antosiyanin ne, kuma ƙarancin fosfor ne ke jawo shi. Ƙasashenmu na yashi suna cikin waɗanda suka fi talaucin fosfor, rubaɓɓen taki a cikinsu ma galibi bai kai kashi 1 cikin 100 ba, don haka itatuwanmu na daji kusan kullum a cikin wannan hali suke.

Na uku, wanda a ganina ya fi sauran nauyi a Adar, shi ne ruwa. Tawa tana samun abin da bai cika wuce milimita 400 ba a shekara, kuma a kan dabagi yawancinsa gangarewa yake yi zuwa kwari. Itacen da ke cikin ƙishi matsakaici yana ƙara sinadaran kariya, ƴaƴansa kuma suna fitowa ƙanana. Ƙanƙantar nan kanta tana da lissafi, domin fenol da launi sun fi taruwa a ɓawo, kuma a tiya ɗaya ta ƙananan ƴaƴa ɓawo ya fi yawa bisa ga tsoka idan aka kwatanta da tiya ɗaya ta manya. Masu gonar inabi a Faransa da Amurka sukan rage ban ruwa da gangan saboda wannan dalili. Amma abin yana da iyaka: idan ƙishi ya tsananta, ganye yana rufe ƙofofinsa, sukari yana yankewa, kuma daga sukari ake gina bitamin C da fenol ɗin duka, sai ƴaƴa su ƙanƙance su zube, ko su bushe a kan reshe ba su nuna ba. Wahalar da ke ƙara sinadari ita ce wadda itace ke iya jurewa.

Akwai kuma farar ƙasa. Adar tana da dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza, kuma inda ya yi yawa saiwa tana kasa jan ƙarfe da zinki, sai sabon ganye ya yi rawaya, jijiyoyinsa kaɗai su zauna kore. A jigawar da ke kewaye da Yamai matsalar akasin haka ce, domin ƙasar tana da tsami. Ki ɗiga binegar a kan dutsen wurin, idan ya yi kumfa to farar ƙasa ce.

Saboda haka ina sa ran cewa a nauyi ɗaya, magaryar dabagi za ta fi fenol, kuma baurin da kike ji shaida ce ta tanin. Game da bitamin C ba zan yi saurin yanke hukunci ba, domin nuna da hasken rana suna juya shi fiye da ƙasa.

Baba na Badagishiri (ɗansa ne ke rubutawa)

Mahaifina ya sa na karanta masa abin da aka rubuta, kuma ya ce in isar da wannan kamar yadda ya faɗa.

Ya ce a gaida ɗiyata mai tambaya, a gaida malamin Yamai. Ya ce bayanin malam ya yi daidai da abin da ido ke gani, amma akwai abin da aka bari a baya. A gonarsa akwai magarya biyu da tsakaninsu bai fi taki goma ba, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, garke ɗaya ke kwana a wurin da rani. Ɗaya yara suna rige-rigen zuwa gindinta tun da asuba, ɗayar kuwa sai awaki, domin tsaminta yana kashe haƙori. Haka suke tun yana saurayi, a shekarar ƙoshi da shekarar fari, ba su taɓa musanya hali ba. Ya ce magarya kamar ƴaƴan mutum ce, uwa ɗaya uba ɗaya amma hali kowa da nasa, don haka kafin a ɗora wa ƙasa laifi ko yabo, a fara tambayar irin.

Ya ƙara da cewa kada a dubi saman ƙasa a yi hukunci. Ya taɓa haƙa rijiya kusa da wata magarya, ya wuce gaba uku yana cin karo da saiwarta. Itacen da ake gani a kan tsakuwa wani lokaci ƙafarsa tana cikin ruwa, musamman wanda ke bakin kori, shi ya sa ko a dabagin ma akan sami mai manyan ƴaƴa.

Maganar taki kuwa, ya ce tun ƙarshen shekarun 1980 da aka fara tassa da rabin wata, wato ramukan tare ruwan sama a gona, a ƙasar Illela, suna zuba kashin awaki a rami, kuma magaryun da suka tsiro a cikin ramukan daga ƙwallon da ke cikin kashin sun fi na fako ba da ƴaƴa nesa ba kusa ba. Bai ga tsaminsu ya ɓace ba. Ya ce itacen da ke kan fako yakan yi shekara bai ba da kwano ɗaya ba, to ina amfanin maganin da ba a samu an tsinta ba?

Ya ce kuma a tambayi matan da ke kawo ta dabagi yadda suke tsinta. Inda nisa yake kuma awaki da yara suke gasa, kakkaɓe itacen ake yi da sanda, nunanna da ɗanya su zubo tare. A fadama kusa da gida ana bari ta faɗo da kanta. Ɗanyar magarya kuwa ko a ina ta tsiro bauri gare ta.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji, Yamai

Baba ya taɓo wurin da gizo ke saƙa, Allah ya ƙara masa lafiya. Tanin yana raguwa yayin da ɗan itace ke nuna, don haka idan buhun dabagi yana da ɗanya a ciki, awo zai nuna fenol mai yawa, a ce ƙasa ce, alhali sanda ce. Maganar iri ma haka take, domin magarya tana ɗaukar ƙurar fure daga wata magaryar ta hanyar ƙudan zuma da ƙudaje, shi ya sa kowane ƙwallo da abin da zai fitar.

Yaya, ina so ki san yadda ake awon, domin kada wani ya kawo miki lamba a takarda ki ɗauka magana ta ƙare. Hanyoyi biyu aka fi bi. Ta farko ana zuba wani ruwa mai suna Folin a kan jiƙon garin, ya koma shuɗi, a auna duhun shuɗin a ce ga yawan fenol. Matsalarta ita ce bitamin C da wasu nau'o'in sukari su ma suna sa shi shuɗi, magarya kuwa tana da su duka biyun. Ta biyu ana amfani da wani ruwa shunayya mai suna DPPH, wanda ke komawa rawaya idan ya haɗu da sinadaran kariya. Dukansu suna gaya miki abin da ya faru a cikin kwalba ne. Ma'aikatar noma ta Amurka ta taɓa wallafa jerin abinci bisa irin wannan awo, amma a 2012 ta janye shi, domin lambobin ba su nuna abin da ke faruwa a jikin mutum ba, kuma ƴan kasuwa suna talla da su ta hanyar da ba ta dace ba. Ɗan kasuwarki yana shirin bin wannan sawu.

Sai batun nauyi. Idan aka auna ƴaƴan da ba a busar ba, ta fadama tana ɗauke da ruwa da yawa, don haka a giram 100 komai nata zai fito kaɗan. Idan aka busar da su duka aka auna, tazarar takan ragu. Ke gari kike sayarwa, saboda haka awon busasshe ne ya shafe ki, kuma duk takardar da ba ta faɗi wanne aka yi ba, ba ta da amfani gare ki.

Akwai abin da ya fi damuna a matsayina na mai aiki da abinci. Yawan tanin ba alheri ne zalla ba, domin yana kama sinadarin ƙarfe da ke cikin hatsi da wake ya hana hanji ɗauka, kamar yadda shayi mai kauri ke yi idan aka sha shi a kan abinci, bitamin C kuwa taimakawa yake yi a ɗauka. A ƙasar da ƙarancin jini ya yi yawa a tsakanin mata masu ciki da ƙananan yara, garin da ya fi bitamin C ya kuma rage bauri yana iya fin dacewa da kunun yaro, ko da lambarsa ta fenol ta yi ƙasa. Abin da hukumomin lafiya da abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙayyade wa baligi shi ne miligiram 45 na bitamin C a rana.

Kuma bitamin C ba ya jure wahala bayan an tsinke ɗan. Zafi, da iska, da hasken rana, da taɓa ƙarfe duk suna cinye shi. Na taɓa ganin magarya shimfiɗe a kan rufin kwano mai tsatsa kwana da kwanaki, har ɓawon ya koma baƙi-baƙi inda ya taɓa kwanon. Baƙin nan haɗuwar tanin da ƙarfe ce, irin wadda dukawa ke amfani da ita wajen baƙanta fatar da aka jeme da bagaruwa. Irin wannan shanya tana iya ɓatar da abin da ya fi duk bambancin da ke tsakanin dabagi da fadama. Ku shanya a inuwa mai iska, a kan tabarma, ku adana ta da ƙwallonta, ku daka gwargwadon abin da za ku sayar a kusa, domin gari ya fi saurin lalacewa.

Ɗiyar Adar, Tawa

Na gode muku duka, a gaida Baba da kyau. Na tambayi matan dabagi a kasuwa, sun tabbatar kakkaɓewa suke yi, kuma da na zube tiya ɗaya a faifai na tsince, na sami masu kore-kore da yawa a ciki. Shanyarmu kuwa a kan siminti muke yi tsakar rana, wasu ma a kan kwano, don haka wannan gyara namu ne. Na gaya wa ɗan kasuwar ya rubuta inda aka tsinto da ɗanɗanonta kawai, bai ji daɗi ba amma ya karɓa.

Abin da ya rage mini shi ne, akwai hanyar da za mu gwada da kanmu mu san ko ƙasar ce, ba tare da mun biya kuɗin ɗakin gwaji ba?

Mai nazarin ƙasa, Yamai

Akwai, Malama, kuma gyaran da Baba ya yi mini shi ne ya nuna hanyar. Tunda iri yana rikita lissafi, sai a cire shi ta hanyar aure. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yaɗa auren magaryar gida da manyan irin Indiya, abin da ake kira tuffar Sahel, kuma akwai masu gandun itatuwa da suka iya wannan aiki. Ku zaɓi itace ɗaya da kuka san halinta, ku yanki rassa daga gare ta, ku aura a kan magaryu biyar a dabagi da biyar a fadama. Daga nan abin da ke sama iri ɗaya ne, kuma yawan itatuwan zai rage tasirin bambancin gindi. Magarya mai aure ba ta daɗewa kafin ta fara ƴaƴa.

Kafin lokacin, ku yi abin da zai yiwu bana. Ku ɗebo daga itatuwa da yawa a kowane wuri, ku ware nunannu masu launi ɗaya, ku shanya su a inuwa ɗaya, ku auna gari daidai, ku jiƙa a ruwa daidai, ku tace. Ku dama ɗan sitaci a ruwa, ku ɗiga aidin na kantin magani har ya yi shuɗi mai duhu, ku raba shi kofi biyu daidai, sannan ku riƙa ɗiga jiƙon kuna ƙirgawa har shuɗin ya ɓace. Wanda ya share launin da ɗigo kaɗan shi ya fi ƙarfi. Bitamin C ne ke yin mafi yawan aikin, ko da yake fenol ma yana sa hannu, don haka kwatance ne tsakanin biyun, bai isa lambar da za a buga a leda ba. Ku maimaita sau uku, kuma ku sake a shekara mai zuwa, domin damina ba ta zuwa iri ɗaya.

Taki kuwa, ina tare da Baba. Kashin awaki a rabin wata yana sakin azot a hankali, yana riƙe damshi, kuma a ƙasa mai talauci irin tamu da wuya ya kai yawan da zai dusashe ƴaƴa. Wanda zan ce ku kiyaye shi ne ure da yawa a lokacin da itace ke fure, da kuma ban ruwa mai yawa dab da nuna. Idan kuna yin sassabe, ku rage rassan tsakiya bayan an gama tsinta domin rana ta riƙa shiga. Ku rubuta a littafinku sunan wurin da kowane buhu ya fito, da ranar tsinta, da ko kakkaɓewa aka yi ko faɗowa ta yi, domin ranar da za ku kai samfur jami'ar Tawa ko INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, waɗannan ne tambayoyin da za a fara yi muku.